Takardar Atandans da Ɗalibi Mai Zazzaɓi

Duk lokacin da manyan makarantu suka koma karatu, motocin da ke tasowa daga Goronyo su biyo ta Achida zuwa Sakkwato sukan cika da samari da 'yan mata, kowa da jakarsa da ƙullin garinsa da galan ɗin man girki. Akwai 'yan Shinaka a cikinsu, akwai na Wurno da na Rabah. Wasu Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka nufa, wasu Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko kwalejin lafiya ta Gwadabawa, wasu kuma ba su yi nisa da gida ba, suna kwalejin noma da kiwo ta Wurno. Da yawansu su ne na farko a gidansu da suka kai wannan mataki. Kuɗin rajistarsu daga albasa da tafarnuwa da shinkafar fadama ya fito, kuma sun san haka sarai, domin da hannunsu aka yi ban ruwan. Idan uba ya rako ɗansa tasha ya ce masa, "To, ka kama karatunka, kada in ji, kada in gani," yaron ya san nauyin da aka ɗora masa.

A makon farko zai ci karo da wata doka da kusan duk manyan makarantun Najeriya suka rubuta a littafin ƙa'idojinsu: ɗalibin da bai halarci kashi 75 cikin 100 na lakcocin wani darasi ba, ba zai zauna jarrabawar darasin ba. Wasu malamai ba sa matsawa a kanta. Wasu kuwa da ita suke buɗe lakcar farko, su ce duk wanda sunansa bai cika a takardar atandans ba, kada ma ya wahalar da kansa zuwa ɗakin jarrabawa. Makarantun koyon jinya da aikin asibiti sun fi kowa tsanani, saboda aikinsu na hannu ne, ba a koyonsa daga nesa.

Dokar tana da hujjarta, kuma bai kamata matashi ya raina ta ba. An ga ɗaliban da ba a ganin ƙeyarsu sai ana saura mako biyu jarrabawa, su ari littafin wani su haddace, su fito da takardar shaida ba tare da ilimin ba. Wanda zai yi wa mutane allura gobe, ko ya koyar da 'ya'yan wasu, ko ya duba shanun makiyayi, dole ne ya zauna gaban malami. Mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan fahimta. A zaure ma almajirin da ke tsallake darasu ba ya sauke littafi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ɗalibin ya wayi gari da zazzaɓi da tari, ko ido ya yi ja, ko ƙuraje suka feso masa, sai ya auna tsakanin jikinsa da layin da sunansa yake a takarda, ya zaɓi takardar.

Lissafin ne ke tsorata shi. A ƙa'ida zangon karatu yana da kamar mako 15 na lakca. Darasin da ake haɗuwa sau ɗaya a mako, ɗalibi na iya rasa uku ya tsira da ƙyar. Ya rasa huɗu, ya faɗo ƙasa da kashi 75. To amma zangon ba kullum yake cika ba. A 2020 korona ta rufe makarantu tun watan Maris, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i da ya kai har Disamba. A 2022 an sake wani yajin daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Bayan kowane irin wannan tsaiko makarantu sukan matse zangon don su cimma kalanda, lakcoci su koma mako goma ko ƙasa da haka. A zangon mako goma, wanda ya rasa lakca uku ya riga ya fita layi. Ga kuma gwajin ba-zata da wasu malamai ke yi musamman don su kama masu fashi, wanda makinsa ke shiga cikin kashi 30 ko 40 na aikin zango.

Abin da ya kamata ɗalibi ya gane tun da wuri shi ne, wannan rubu'in da aka bar masa ajiya ce ta ranar larura. Mafi yawan masu shiga tsaka mai wuya sun cinye shi ne tun kafin ciwo ya zo. An buɗe makaranta, yaro ya ƙara mako biyu a gida yana jiran a sayar da albasa, ko yana cewa ai makon farko ba a komai. Ya dawo bikin aboki ran Alhamis, bai koma ba sai Talata. Wani jinkirin ba laifinsa ba ne, domin kowa ya san halin tsaro a gabashin Sakkwato, akwai ranar da iyaye za su ce yau ba a bin hanya, kuma gaskiyarsu ce. Wannan ma dalili ne da ya sa ɗan Shinaka ya fi ɗan cikin birni buƙatar tattalin ranakunsa. Wanda ya shiga watan hunturu da atandans ɗinsa cike, idan mura mai zafi ta kwantar da shi kwana huɗu, zai kwanta hankalinsa kwance. Wanda ya riga ya ɓarnatar, shi ne za a gani ya haɗiyi farasitamol biyu ya lallaɓo aji yana rawar sanyi.

A dubi ajin da yake lallaɓowa. Ɗaki ne da aka gina don mutum ɗari biyu, ana cusa ninkinsu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Lokacin hazo an rufe tagogi saboda ƙura da sanyi. Takardar atandans tana yawo hannu zuwa hannu da biro ɗaya, daga layin gaba har na baya. Da dare kuma a koma hostal, ɗakin mutum huɗu ya kwashi takwas ko goma saboda masu raɓewa, kofi ɗaya, bokiti ɗaya, wani lokaci tawul ɗaya. Ƙwayar cuta ba ta neman wurin da ya fi wannan.

Ba kowane ciwo ne ke yaɗuwa ta zama kusa ba, kuma sanin bambancin yana da amfani. Zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne ya fi kwantar da ɗalibai, ba a ɗaukarsa daga numfashin maƙwabci. Mai shi kansa kawai yake wahalarwa idan ya ƙi hutawa. Amma ta yaya ɗalibi zai tabbatar maleriya ce, alhali duk zazzaɓi a bakinmu maleriya ne? Gwajin jinin yatsa ba ya wuce minti ashirin. Wanda ya tsallake gwajin ya wuce kemis ya sayi magani, yana iya yawo da wata cutar daban tsakanin abokansa kwana da kwanaki.

Ƙyanda, da ake ɗauka ta yara ce, tana kama babban da ba a yi masa rigakafi ba, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da mai ita, kusan tara za su kamu. Tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ƙarambau yana fara yaɗuwa kwana ɗaya ko biyu kafin a ga ƙurji, ba ya dainawa sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Ya fi wahalar da babba fiye da yaro, kuma hatsari ne ga mai juna biyu, alhali a kowane aji na kwalejin ilimi ko ta lafiya da wuya a rasa matar aure mai ciki. Ciwon idon nan na afolo hannu ne ke kai shi, daga ido zuwa biro, daga biro zuwa idon wani. Tarin fuka kuwa a hankali yake aikinsa: wanda ya yi mako biyu yana tari, ga zufar dare ga rama, ya je a gwada majinarsa. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin wata shida ake sha, kuma bayan makonnin farko na shansa yadda ya kamata haɗarin sa wa wasu yana raguwa ƙwarai. Abin takaici shi ne kunya da tsoron rasa zango kan sa ɗalibi ya ɓoye tarin wata uku, yana kwana da mutum takwas a ɗaki.

Mashaƙo ya dawo da ƙarfinsa tun ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma ya kashe sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasar. A Maris na 2025 ya shiga King's College ta Legas, makarantar da ake ji da ita, ɗalibi ɗan shekara 12 ya rasu, aka kwantar da wasu. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya, da wani farin abu da ke shimfiɗuwa a can cikin maƙoshi, ba abin da za a kai aji ba ne.

Sai babbar cutar wannan yanki, sanƙarau.

Ƙasar Sakkwato tana tsakiyar zirin nan na ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda sanƙarau ke tashi kusan kowane rani. Yakan fara da shigowar hunturu, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke raunata hanci da maƙogwaro, ya yi ƙamari a bazara sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ya lafa idan ruwan sama ya sauka. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawa a Arewa. Daga 2011 aka fara rigakafin MenAfriVac, wanda ya karya lagon nau'in A da ke haddasa manyan annobar da. Amma a 2013, a nan Jihar Sakkwato, wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla, shekara ta gaba ya bayyana a Kebbi. A 2015 ya tsallaka Nijar ya kashe ɗaruruwa, har hukuma ta rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki a watan Afrilu. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya taso daga Zamfara ya bazu, aka lissafa sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato da Katsina ne kan gaba. A farkon 2024 kimanin ɗalibai 20 suka mutu a makarantun kwana na yankin Potiskum a Jihar Yobe. A Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, mafi yawansu a Gwandu da Jega da Aliero, kuma an ba da rahoton rasuwar wasu ɗaliban jami'ar da ke Aliero a wannan lokacin. Waɗannan ba labaran nesa ba ne. Garuruwa ne da ɗan Goronyo ke da abokai a cikinsu.

Akwai wani abu game da sanƙarau da ya sha bamban da ƙyanda. Kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro ba tare da ciwon komai ba, kuma yawancin yaɗuwar daga irin waɗannan lafiyayyu take, ta tari da atishawa da cunkoson wurin kwana. Saboda haka hana marar lafiya zuwa aji kaɗai ba zai tsayar da shi ba. Rigakafi da rage cunkoso da buɗe tagogi ne ke wannan aikin. Ɓarnar da tsoron atandans ke yi a nan ta wata fuska ce, wato cin lokaci. Sanƙarau na iya kashe mutum cikin awa 24 da fara alamu. Idan ba a yi magani ba, yana iya tafiya da rabin waɗanda ya kama. Ko an yi magani, kusan ɗaya cikin goma na rasuwa, cikin waɗanda suka tashi kuma kamar ɗaya cikin biyar na fita da kurumta ko wata nakasa. Ɗalibin da ya farka da matsanancin ciwon kai da zazzaɓi, wuya ya ƙage, haske na damun idonsa, yana amai, sannan ya ce bari ya sa hannu a lakcar ƙarfe takwas da ta goma tukuna kafin ya leƙa kilinik, ya ba cutar awa huɗu ko biyar kyauta, a ciwon da kowace awa ke da tsada. Allurar da ke kashe ƙwayar tana nan a asibiti, tana aiki idan an zo da wuri, kuma bayan kwana ɗaya da fara ta mai ciwon ba ya sa wa kowa.

A irin wannan ranar abokan ɗaki su ne komai. Mai sanƙarau yakan ruɗe, ya yi ta barci, ya kasa yanke wa kansa shawara. Idan abokin kwana ya ga an kira shi bai amsa daidai ba, ko ya kasa sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, to ba lokacin rufa masa bargo a tafi lakca ba ne da niyyar a dawo a duba shi da azahar. A ɗauke shi nan take, ko da lakcar wane ce za a rasa. Su ma waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi su gaya wa likita, domin akan ba makusanta maganin kariya.

Wani zai ce ai ciwo da lafiya na Allah ne, wanda aka ƙaddara zai kamu zai kamu. Haka ne, kuma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ya koyar da nisantar da mai ciwo daga masu lafiya. Ya zo a Sahihu Muslim cewa cikin tawagar Saƙifawa da suka zo yin mubaya'a akwai mai kuturta, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Babu halartar da ta kai wannan daraja, amma an ɗauke masa ita kuma ba a rage masa komai ba. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Wurno, irin su Muhtasar na Halil, sun lissafa rashin lafiya da jinyar marar lafiya cikin uzurorin da ke ɗauke wa mutum zuwa Juma'a. Manoman tafarnuwa na bakin kogin Rima sun san hukuncin wanda ya ci ta ɗanya: ya nisanci masallaci har warin ya gushe, don kada ya cutar da sahu. Idan wari kawai ya isa a ce mutum ya dakata, ina ga tarin da zai kwantar da na kusa da shi? Kuma a Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837 aka rufe shi, mutumin da duk da nauyin mulki ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani da cututtuka. Neman magani da kiyaye lafiyar jama'a gadon gida ne ga ɗan wannan yanki.

To me ɗalibi zai yi, tunda dokar na nan kuma malamin ba wasa yake ba? Kusan kowace makaranta da ta rubuta kashi 75 ta rubuta ƙofar uzuri a kusa da ita, sai dai ɗalibai kaɗan ne ke karanta wannan shafin. Yawanci abin da ake nema shi ne takarda daga asibitin makarantar, ko takardar wani asibitin gwamnati da likitan makaranta ya tabbatar, a kai wa shugaban sashe cikin lokacin da aka ƙayyade. Nan ne 'yan ƙauye suka fi faɗawa rami. Yaro ya ji jiki, ya hau mota ya tafi gida, aka yi masa jiƙe-jiƙe da allurar kemis mako biyu, ya dawo ba shi da ko guntuwar takarda, ya tsaya gaban malami yana rantsuwa. Malamin da ya ji irin wannan rantsuwa sau ɗari daga masu ƙarya, da me zai bambance mai gaskiya? Matakin farko kilinik ɗin makaranta ne, ko da layi ya yi tsawo, ko da za a ce maganin ya ƙare a saya a waje. Sunan da aka rubuta a rajistar asibiti da kwanan wata shi ne shaidar da za ta tsaya wa ɗalibi daga baya.

Na biyu, sanarwa tun ranar farko. Saƙo ta hannun wakilin aji, ko ta waya idan malamin ya ba da lambarsa, cikin ladabi kuma a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam, ɗalibinka ne wane, lamba kaza. Likita ya ce ƙarambau ne, ya hana ni shiga jama'a har ƙurajen su bushe. Zan kawo takardar asibiti in sha Allahu. Allah ya ƙara girma." Malamai mutane ne, suna da 'ya'ya a gida, kuma babu mai son a kawo masa ƙarambau ofis. Wanda ya sanar tun farko ya fi samun a sake masa gwajin da ya rasa fiye da wanda ya ɓullo bayan an liƙa sakamako. Idan ciwon mai tsawo ne, akwai hanyar jingine zangon karatu a hukumance, a dawo a ci gaba ba tare da an rubuta wa mutum faɗuwa ba. Jinkirin zango ɗaya yana da ɗaci ga wanda gida ke jira, amma ya fi tarin kariyoba sauƙi, ya kuma fi komawa gida da nakasa.

Akwai gajeriyar hanyar da kowa ya sani, a ce wa aboki ya sa hannu a madadin mutum. Wannan ƙarya ce a rubuce, kuma makarantu na hukunta ta da tsanani idan aka kama. Bayan haka, ita ce ke sa malamai su daina yarda da kowa, su koma kiran suna ɗaya-ɗaya da gwajin ba-zata, ƙarshe marar lafiya na gaskiya ne ke biyan bashin.

Batun tafiya gida da ciwo yana buƙatar a tsaya a kansa. Zuciyar kowane marar lafiya tana son hannun uwa, ba a musun wannan. Amma mai ƙyanda ko mashaƙo da ya shiga motar haya, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ya yi tafiyar Sakkwato zuwa Shinaka, ya sauka a gidan da ke da ƙanne da jarirai waɗanda wataƙila ba a kammala musu rigakafi ba, ya ɗauko cutar daga inda ake da asibitin koyarwa ya kai ta inda asibiti ke da nisa. Idan kuma sanƙarau ne, tafiyar kanta na iya cinye lokacin da ya rage masa. A kira gida a sanar, wani babba ya zo ya yi jinya a birni, a koma gida hutawa bayan likita ya ce ba sauran haɗari.

Ba a kan ɗalibi kaɗai nauyin yake ba. Makarantar da ta tsananta dokar halarta, sannan ta sa samun takardar uzuri ya zama yawo daga ofis zuwa ofis, ita ce da kanta ke tura masu tari cikin aji. A 2009, lokacin annobar murar aladu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shawarci jami'o'in ƙasar su sassauta dokokin fashi, kada ma su nemi takardar likita daga mai mura, a bar shi ya zauna har zazzaɓin ya sauka da kwana ɗaya ba tare da magani ba. A Ingila ƙa'idar makarantu ita ce mai amai da gudawa ya yi awa 48 bayan sun tsaya kafin ya koma. Ba lallai a kwafo komai yadda yake ba, amma ƙungiyoyin ɗalibai, har da na 'yan ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah da ke cikin makarantun Sakkwato, suna iya zama da shugaban harkokin ɗalibai su nemi abubuwa masu sauƙi: a cire ranakun da likita ya tabbatar daga lissafin kashi 75, a ware ɗaki ɗaya a hostal don mai cuta mai yaɗuwa, a ƙayyade ranar sake gwaji ga masu uzuri, a kuma ɗauki wanda ya kai abokinsa asibiti a matsayin mai uzuri shi ma. Irin wannan buƙata ta fi bikin karrama 'yan siyasa amfani ga mambobi, kuma an fi sauraronta idan an kai ta kafin a yi rashi, cikin natsuwa, a rubuce.

Saura rigakafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'o'in sanƙarau biyar, A da C da W da X da Y, kuma an nufi 'yan shekara 1 zuwa 29 da ita, wato har da shekarun ɗaliban kwaleji da jami'a. Wanda aka yi wa MenAfriVac yana yaro kada ya ɗauka ya gama, domin waccan nau'in A kaɗai take tarewa. Kafin hunturu ya kankama, ɗalibi ya tambaya a asibitin garinsu ko na makaranta ko ana bayar da ita, ya tambayi mahaifiyarsa ko an kammala masa allurar ƙyanda da ta mashaƙo yana jariri, idan babu tabbas ya faɗa wa ma'aikacin lafiya. A makon rajista kuma ya karɓi katin kilinik, tunda a yawancin makarantu kuɗin asibiti na cikin abin da ya riga ya biya, ya nemo shafin uzurin rashin lafiya a littafin ƙa'idoji ya ɗauki hotonsa a waya. Lambar kyauta ta hukumar NCDC mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ita ce 6232, ta masu tarin fuka kuma 3340.